Maƙwabciyata ta ƙona hannun yaronta da cokali, in kira 1919 ko in fara shiga da kaina?

Maman Biyu (Jidda):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma tun yanzu kar wanda ya biyo ni ta gefe yana tambayar sunan matar ko unguwarmu don bazan faɗa ba.

Da a unguwar Gulail muke, bayan rusau muka dawo wata imara, wato benen haya, can kudancin Jidda. Shiggar (sashen haya) da ke kallon tamu wata baiwar Allah ce, Bahaushiya 'yar uwarmu, yaranta uku, babban namiji bai fi shekara 7 ba sai mace sai ta goye. Mijin bara aka kama shi aka yi masa tarhil, wato aka kore shi daga ƙasar, yana can gida, yanzu ita ce ci ita ce sha ita ce kuɗin ijar (haya). Aikatau take zuwa gidan Larabawa, ta fita ana idar da asuba sai bayan la'asar, ranar da suke da baƙi ma sai isha'i. Ta goyen take tafiya da ita, biyun kuma ta kulle su ta waje ta tafi da makulli.

To matsalar ita ce da daddare. Wallahi kusan kullum sai naji ihun yaron nan, ko mukayyif (AC) na kunne ana ji, yana cewa mama na tuba mama bazan ƙara ba, kuma daga ƙarar abin na gane wayar caja ce. Da farko nace ɗanta ne ita ta haife shi, har na daina fita baranda don kar in riƙa ji. Sai shekaranjiya na gamu da shi a matakala ya dawo daga bagala (kanti) da laban (nono) da tamis (gurasa), ya miƙo hannu zai gaishe ni sai naga bayan hannun ya tashi ya yi ruwa, shatin cokali sak har da mariƙin. Nace kai me ya same ka, yace mama ce ta sa cokali a wuta saboda ya sake yin fitsarin kwance. Ya faɗa min haka kamar ba komai ba yana gutsurar gefen tamis ɗinsa. Tun ranar abinci ya ƙi shiga cikina.

Na yi wa maigida magana yace ba ruwanki, mu ma da kyar muke riƙe da tamu igamar (takardar izinin zama). Ni kuma na san akwai lambar 1919 ta kai rahoton cin zarafi amma matar nan ba ta da igama, ina tsoron in kira in zama sanadin da za a kwashe su, gobe ace wance ce ta kai 'yar uwarta ƙara gun hukuma, kun san halin mutanenmu magana ɗaya sai ta isa Kano kafin gari ya waye. In nayi shiru kuma wani abu ya sami yaron me zan ce wa Allah? Ya zan yi?

Dattijon Misfala:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka miki da alheri da abin ya dame ki, da yawa ƙara mukayyif ɗin za su yi su kwanta.

Ni a Makka aka haife ni, na tashi tsakanin Misfala da Shari'a Mansur, kuma ba zan ce miki ba a dukan yara a zamaninmu ba, ana duka sosai. Amma akwai abu ɗaya da muke da shi da ku ba ku da shi yanzu. In uwa ta ɗauko bulala yaro ya san inda zai gudu, ya faɗa gidan wata tsohuwa ya ɓuya bayanta, shikenan ya sha, ba uwar da za ta miƙa hannu ta tsallake tsohuwa. Ya kwana can, da safe tsohuwar ta riƙo hannunsa ta dawo da shi tace na roƙar masa, lokacin zuciya ta riga ta sauka. Ƙofofi a buɗe suke, kowa ya san girkin kowa. Daga ƙarshen 2021 da aka fara rusau a Jidda unguwanni sama da 60 aka taɓa, Sabil, Gulail, Petromin, Karantina, mutane suka watse wasu Bahra wasu Makka wasu gida, ijar ya tashi, tsohuwar da ake ɓuya bayanta ba a ma san inda ta koma ba. Ga kuɗin murafiƙin, wato harajin iyalin da ke kan igamar mutum, da aka fara 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 a 2020, mai yara biyar ki lissafa masa. Ban kawo wannan don in wanke matar ba, ƙuna zalunci ce ko uwa ce ta yi. Ina so ki gane wadda za ki je wa mace ce da ta gaji har wuya kuma ba ta da inda za ta ajiye yaro na awa ɗaya.

Shawarata kada ki je ke kaɗai kuma kada ki je da dare lokacin da abin ke faruwa. Ki nemi wata dattijuwa da take jin kunyarta, ku je ranar Juma'a da ba ta fita aiki, ku riƙe ɗan abinci. Kada ku fara da zancen yaron. Ki fara da zancen makulli, kice wance in kin fita ki bar min makullin ko ki turo min su, gidan da akwai tukunyar gas a kulle yara biyu ta waje in wuta ta tashi kafin a kira 998 'yan kwana-kwana su zo an gama. Ba uwar da za ta ji wannan ta yi fushi. In ta ba ki makulli to kin shiga gidan, sauran magana a hankali za ta biyo. Ita dattijuwar ce za ta ɗaga hannun yaron tace wannan fa? Daga bakin tsohuwa nasiha ce, daga bakinki gori ne tunda sa'anni kuke.

Shi kuma maigidanki ki lallaɓa shi, tsoronsa ba na banza ba ne. Amma ki tuna masa Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba.

Gaskiya Ɗaci:

Ni fa gsky ban ga abin tada hankali ba. Wa a cikinmu ba a daka ba? Ni da igiyar guga aka yi min tarbiyya gashi yau ina riƙe da iyalina lafiya lau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hadisi ma yace a dake su akan sallah. Yaran yanzu da ba a taɓawa ai muna ganinsu a titi ba sa gaida kowa. Cokalin dai ta wuce gona da iri na yarda, amma Hajiya ki kira hukuma ki raba uwa da 'ya'yanta akan tabo ɗaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki mata nasiha in ta ji to, in ba ta ji ba kin fita.

Malamar Jinya:

@Gaskiya Ɗaci ba tabo ɗaya bane, tabo ɗaya ne aka GANI. Wanda ke ƙarƙashin riga wa ya duba?

Maman Biyu ni aikin jinya nake a wani mustausaf (ƙaramin asibiti) nan Jidda, bari in fara da hannun kafin komai. Kar a fasa ƙurjin, kar a shafa man goge baki ko tumatir ko gishiri kamar yadda mutanenmu ke yi. Da a take ne ruwan famfo mai ɗan sanyi ake sakar masa kamar minti 20, ba ƙanƙara ba. Yanzu da ya kwana biyu a wanke a hankali a rufe da bandeji mai tsabta, in kika ga ja yana yaɗuwa ko ruwa mai wari ko zazzaɓi to lallai sai likita, ƙunar hannu ba a wasa da ita. Shi kuma fitsarin kwance ɗan shekara 7 ba da gangan yake yi ba wallahi, barci ne mai nauyi da mafitsara da ba ta gama ƙwari ba, sau da yawa ma gado ne, a tambaya za a samu uwar ko uban sun yi. Kuma tsoro ƙara shi yake. Yaron da aka kwashe ubansa, aka kulle shi yini guda, aka dake shi da dare, me zai hana shi jiƙa katifa? Tana dukan abin yana ƙaruwa tana ƙara dukan.

Sai batun lamba, don naga mutane da yawa sun ɗauka 1919 shurɗa ('yan sanda) ce. Ba ita bace. Cibiyar karɓar rahoton cin zarafi a cikin gida ce ta ma'aikatar kula da walwalar jama'a, dare da rana ana ɗauka. Dokar kariya daga cutarwa ta 2013 ta ce wanda ya ga cutarwa ya kai rahoto, kuma ba a bayyana sunan wanda ya kai ba tare da yardarsa ba. Cikin matakan da ta tanada akwai kiran mutum a zauna da shi, a ba shi shawara, a sa shi ya sa hannu kan alkawarin ba zai ƙara ba, ba wai daga kira sai ɗauri ba. Hukuncin da ta zo da shi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1 da tarar riyal 5,000 zuwa 50,000 ko ɗaya daga ciki, daga baya ma an ƙara tsaurarawa. Sai dokar kare yara ta 2014, ita tace yaro shi ne duk ɗan Adam da bai wuce 18 ba, ba tace ɗan ƙasa ba, kuma ta lissafa har barin yaro a inda zai iya shiga haɗari, ƙin kammala masa rigakafi, sa shi bara, da kalaman da ke zubar masa da mutunci.

Akwai kuma 116111, layin taimakon yara na shirin kare iyali na Amanul Usari da aka kafa 2005. Kyauta ne, kuma ba yara kaɗai ke kira ba, iyaye da masu kula da yara ma suna kira su nemi shawara. In kina jin Larabci ki kira ki faɗi yanayin kamar yadda kika faɗa mana kiji me za su ce.

Na yarda da Baba a fara da makulli da tsohuwa, hanya ce mai kyau. Amma ki sa wa kanki iyaka tun yau, ki gaya wa maigida ma ya sani: in aka sake ƙuna, ko duka a kai, ko shaƙa, ko kika ga an girgiza jaririyar nan da ƙarfi, babu sauran jiran Juma'a. Jaririyar ma ita ta fi ban tsoro, mace a gajiye jariri na tsala kuka sai ta kama shi ta jijjiga, ba tabo a waje amma jini na zuba cikin ƙwaƙwalwa, wasu su makance wasu su tafi. In kika ji ihun da ya wuce na kullum ki buga ƙofar da ƙarfi, in ba a buɗe ba lambar gaggawa ta 911 na aiki a yankin Makka duka har Jidda. Tarhil ana dawowa daga shi ko a rayu a gida, kabari fa?

Uwar Adashi (Makka):

Slm. Ni dai abin da muka gwada zan faɗa ko zai yi amfani.

Mu shida ne a imararmu da ta kusa, huɗu na fita aiki biyu muna gida muna ɗinki da ƙunshi. Dama muna adashi, to wata rana ɗaya daga cikinmu ta zo zubi idonta jawur tace ta mari ɗiyarta har haƙori ya fasa mata leɓe akan ta zubar da shayi, tana faɗa tana kuka tace ita kanta ba ta san me ya shige ta ba. Ranar ba a yi zancen kuɗi ba. Kowa sai ta fara fito da nata, ashe duk kanwar ja ce, har ni da nake ganin ina da haƙuri.

Abin da muka tsara ba wani babba bane. Masu fita aiki su ajiye yaran gun mu biyun, kowacce ta kawo abincin 'ya'yanta a kula da riyal 20 a sati na ruwa da wuta da biskit, wadda ba ta da shi satin ta kawo abin da uwar ɗakinta ta ba ta, ragowar kabsa ko kayan sawa. Sai muka yi wata yarjejeniya da mu kaɗai muka sani, duk wadda taji zuciyarta ta kawo wuya ta turo yaron da kofi yace mama tace a ba ta sukari. Mun san ma'anar, sai a riƙe shi a ba shi abin ci ya yi wasa awa ɗaya biyu, ba tambaya ba gori washegari. Wlh kofin sukarin nan ya ceci yara da yawa daga bulala, nawa ma sun sha zuwa neman sukari gidan wasu hhh.

Amma in za ku yi ku kula da abu biyu don mu ma sai da muka ci karo. Na farko gulma, ranar da maganar gidan wata ta fita waje ranar abin ya mutu, mu saura kaɗan ya watse akan haka sai da aka yi zaman sulhu. Na biyu kuma wanda ba a son faɗa, ba duk gidan da aka kai yaro ne amintacce ba. Mun sa doka ƙofar ɗakin da yara suke a buɗe take, ba a barin su da samarin gida ko baƙo ko haris (mai gadi) ko da ɗan uwa ne na jini, ba a aiken yarinya bagala bayan magariba. Mai lalata yaro yawanci ba baƙo bane daga titi, wanda yaron ya sani ne yake kira kawu ko yaya. Muna koya musu tun suna ƙanana cewa inda wando ya rufe ba mai taɓawa ba mai gani, kuma duk wanda yace kar ka faɗa wa mama to shi ne za a fara faɗa. Yaron da ake jibga kullum kuwa ko an masa wani abu a waje ba zai buɗe baki ba, tsoron dukan gida ya fi masa wancan.

Haifaffen Hindawiyya:

Kawu Gaskiya Ɗaci da girmanka amma kalmar nan ta "gashi mun girma lafiya lau" ni ta ishe ni. Ni ma da wayar wuta na tashi. Shekarata 29 yanzu, in mahaifina ya kira waya sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka, ina masa biyayya ina tura masa kuɗi amma ban taɓa zama mun yi hira ta minti goma ba, ban san yadda ake yi ba. Abin da duka ya koya min shi ne ƙarya, na iya ta tun ina aji biyu.

Kuma abin da har yau nake tunawa ba zafin bane. Maƙwabtanmu ne, da safe in fito su kalli ƙafata su kauda kai su ce ina kwana. Mutum ɗaya ne, wani mai wanki ɗan Agadez, ya taɓa kama hannun babana yace Alhaji ya isa haka. Sau ɗaya tak. Ya rasu da daɗewa, har yau in na je ɗawafi sai na sa shi a addu'a. Anti ko ba ki iya komai ba ki bari yaron ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Malamin Tahfiz:

Gyara kaɗan ga ɗan uwa da ya kawo hadisi. Ruwayar Abu Dawud ce, a umarce su da sallah suna da 7, dukan sai sun kai 10, wato shekara uku cur ana koyarwa da baki. Kuma malamai sun sharɗanta kar ya bar tabo kar ya taɓa fuska. Yaron nan 7 gare shi kuma ba akan sallah ba, akan abin da ya fito masa cikin barci, alhali an ɗauke alƙalami daga mai barci ko babba ne balle yaro. Azaba da wuta kuwa Annabi (SAW) ya hana, har gidan tururuwa da aka ƙona sai da ya yi magana. Anas ya yi masa hidima shekara 10 bai taɓa ce masa tir ba. Ƙarshen hadisin naka ma cewa yayi a raba musu wurin kwanciya, wannan ɓangaren ba mai kawo shi, shi ne kuma ya dace da zancen Uwar Adashi.

Laifinmu ne mu ma malamai, muna wa'azin haƙƙin iyaye kullum, haƙƙin 'ya'ya sai a taron suna. In akwai halƙar tahfiz a masallacin kusa da ku a gwada kai yaron bayan la'asar, ya rage zaman kulle.

Gaskiya Ɗaci:

To Malam na karɓi gyara akan wutar. Amma bulala ɗaya biyu ina nan akan bakana.

Maman Biyu (Jidda):

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, duk na karanta har sau biyu.

Jiya Juma'a mun shiga, ni da wata Inna da ke hawa na ƙasa, 'yar Damagaram ce kowa na jin nauyinta. Na yi dambun shinkafa na riƙa. Da farko ta tsaya bakin ƙofa kamar ba za ta bar mu mu wuce ba, sai Inna ta raɓa ta kawai ta shige ta zauna kan katifar tace a ba ta ruwa. Ɗakin zafi kamar tanda, ashe mukayyif ɗinsu ya lalace tun watan jiya ba kuɗin gyara, katifar ɗaya ce su huɗu, in yaron ya jiƙa ta kowa ya jiƙe kuma da asuba za ta fita ba lokacin wanki. Na yi zancen makulli kamar yadda Baba yace ta yi shiru. Inna ta jawo yaron ta juya hannun ta kalle ta, ba ta ce komai ba wlh, kallo kawai. Sai matar ta fashe da kuka tace ijar wata biyu ake binta, haris ya zo sau uku, mijin kuma in ya kira daga gida kuɗi yake tambaya.

Inna dai ba ta sassauta mata ba, tace wuta ba hannun uwa bace, in ta sake ita da kanta za ta kira hukuma ba sai wani ya kira ba, ta faɗa mata ido cikin ido. Ni ban iya cewa haka ba, gwara da ya fito daga bakinta. Da na ɗaga rigarsa zan sa masa magani akwai shatin waya a baya, tsoho da sabo, Malamar Jinya kin yi gaskiya. Hannun mun kai wani mai kemis ya duba ya ba da man ƙuna da bandeji, yace in ya canza kala a wuce asibiti. Lambobin biyu na ajiye su a waya.

Makullin yana hannuna yanzu. Yau da safe ta turo su biyun, suna nan suna kallon katun da nawa, ƙaramar ta cinye min rabin tamis. Maigida bai ce komai ba amma da zai fita naga ya tsaya yana leƙa mukayyif ɗin nasu ta waje yana kiran wani abokinsa mai gyara. Daren jiya ban ji ihu ba, amma dare ɗaya ne.

Uwar Adashi dan Allah ya kuka yi kuka jawo sauran matan, don mu nan ba ma ko gaisawa sosai, akwai 'yan Chadi biyu a sama da wata Bayarabiya. Sannan wa ya san inda ake samun ledar shimfiɗa katifa mai sauƙin kuɗi, irin mai faɗi ɗin nan?